Saniyar da Hammawa ya ba Lado aro

Duk wanda ya ce Hammawa na Beli mugu ne ya ɗauki alhakinsa. Mutum ne da bai taɓa karyar ko zangarniyar dawa a gonar wani ba, sallah ba ta wuce shi, baƙo kuma ba ya barin gidansa sai ya sha fura da nono har ya ture ƙwarya. Ciwonsa guda ɗaya ne, ido. Allah ya yi masa ido mai yawo, sam ba ya zama a kan nasa. In aka yi ruwa, kafin ya duba gonarsa sai ya leƙa ta maƙwabci ya ga ko can ya fi sauka. In aka raba goro a wurin suna, nasa na hannunsa, amma hankalinsa na kan wanda aka miƙa wa na kusa da shi. Matarsa Rabi'atu takan ce ko Aljanna aka sa Hammawa, sai ya tambaya ɗakin wane ne wancan.

Fulanin gida ne, irin waɗanda kakanninsu suka kafa turke a ƙasar Rogo suka haɗa noma da kiwo, Hausa a kasuwa, Fulatanci a tsakar gida. Ranar sunansa mahaifinsa ya nuna wata maraƙa ya ce ta jariri ce, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa. Daga wannan maraƙar garken Hammawa ya taso, 'ya ta haifi 'ya, jika ta haifi tata, dukkansu jajaye masu ratsin fari a kwiɓi, ko daga nesa ka hango su a tsakiyar fararen shanu ka san na Hammawa ne. Daga baya ya sayi wasu, ya gaji wasu, amma waɗannan jajayen su ne nasa na jini. Ba a kai su kasuwa, ba a sa musu wuƙa sai in ajali ya kama. Mahaifiyarsa har ta rasu tana gaya masa cewa ranar da irin saniyar suna ya ƙare a gidan mutum, albarkar gidan ta bi ta.

Shekarar da cutar bushiya ta shigo, dab da sojoji za su karɓi mulki, ta share garake tun daga Kafin Dafga har bakin iyakar Zazzau. Hammawa ya tsira da fiye da rabin shanunsa, abin da a wannan shekarar ya isa mutum ya yi sadaka. Sai dai cutar kamar aiko ta aka yi, jajayen nan ta bi ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tak ta bari, wadda ake kira Kyalla, ita kuwa juya ce. Ta daɗe da isa haihuwa, bijimai sun bi ta damina bayan damina, ko sau ɗaya ba ta ɗauka ba. Ci kawai take tana sheƙi.

A can gefen rafi akwai Lado, ɗan goggon Hammawa, wato taubashinsa. Shi bushiya ba ta rage masa ko wutsiya ba. 'Yan shanunsa da dama ba su cika yatsun hannu ba, duk suka tafi a mako guda. Kowa ya zaci Lado zai zauce, amma da aka je yi masa jaje sai aka tarar da shi yana dariya, wai yanzu ne zai san daɗin barcin bayan asuba. Ya koma tufkar igiya a gindin wata ɗorawa da ke ƙofar gidansa, matarsa Hajjo tana sarin nono a rugage tana kaiwa Rogo. In Hammawa ya koro shanu ta wurin, Lado ya ɗaga murya ya ce masa bawan shanu, a sauka lafiya. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, don haka sai Hammawa ya yi yaƙe ya wuce.

Farar hula sun soke haraji da jangali, talakawa suka yi 'yan shekaru suna numfashi. Sojoji na zuwa aka dawo da su. Damina na kankama sai ga malamin jangali daga Ƙaraye a kan babur, Ardo Jibo, shugaban Fulanin yankin, yana biye da shi ruga ruga, ana nuna shanu da bakin alƙalami. Bafulatani kuwa ba abin da ya tsana irin a ƙirga masa dabba, ko ɗansa ba ya gaya wa yawanta. Saboda haka kowa da dabararsa. Wasu su tura rabin garke cikin duhun dawa, wasu su ƙetara da su ƙasar Zazzau wurin dangi har sai malam ya gama zagaye. Ardo ya sani, mai unguwa ya sani, shi kansa malamin ai ba yaro ba ne. Doka ɗaya ce a tsakaninsu wadda ba a rubuta ba: ba mai tona asirin wani. Gara a ce ka saci tunkiya da a ce kai ka nuna wa malamin jangali inda saniyar ɗan'uwanka take.

Hammawa ya fi kowa ɗaga murya a kan jangali, kuma gaskiya yana da ita. A majalisar ƙofar Ardo yakan lissafa: a karɓi na kanka, a karɓi na kofato, ka kai saniya allura a karɓa, ka kai ta kasuwa a karɓa a ƙofar kara, ka sayar a karɓa, a dawo a ce za a gina aji a kawo gudummawa. Ga hanyar Beli in damina ta yi ko jaki sai ya yi tunani kafin ya bi ta. Yakan ce da cuta ta cinye shanun mutane ba wanda ya zo daga birni ya ce musu sannu, amma waɗanda suka rage an san hanyar zuwa ƙirga su. Dattawa su gyaɗa kai, domin ba ƙarya ya faɗa ba. Matsalar Hammawa, duk inda zancen ya bi ya biyo, sai ya ƙare a kan Lado.

"Ni da na wahala na tsira da nawa, ni ake tatsa. Ga Lado can a inuwa, malam ya wuce ta ƙofarsa har gaisawa suke yi. Wannan adalci ne?"

Sai a yi dariya, a ɗauka wasan taubasai ne. Ba wasa ba ne. Wallahi ƙyashin Lado yake yi, ƙyashin mutumin da ba shi da ko akuya. Abin ya tsaya masa a maƙogwaro cewa akwai wani a duniya da ƙarar babur ba ta faɗar masa da gaba. Abin da ya fi ƙona masa rai kuma shi ne Kyalla. Ba ta ba shi maraƙi, ba ta ba shi nono, ba halin ya sayar, ba halin ya yanka, kuma jar fatarta ba ta ɓoyuwa, kowace shekara ita malam ke fara nunawa.

Daga nan dabara ta faɗo masa. Fulani suna da wata al'ada da suke kira haɓɓanaye, saniyar aro. In ɗan'uwanka ya rasa dukiya, sai ka ɗaure masa saniya a turkensa. Ba zai sayar ba, ba zai yanka ba, zai riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, sa'an nan ya maido maka da uwar. Wanda aka ba ba ya cewa a'a, wanda ya bayar kuma ba ya karɓa kafin lokaci, ko da yunwa za ta kashe shi. Jangali kuwa a kan mai turke yake. Hammawa ya juya abin a ransa ya ga ko ta ina shi ke da riba: ya huta da biya wa juya, Lado ya shiga sahun masu faɗuwar gaba, kuma tunda haihuwa uku ba za ta taɓa cika ba, haka Lado zai yi ta biya har ɗayansu ya mutu. Ga kuma suna.

Sunan kuwa ya samu. Ran da ya ja Kyalla zuwa gindin ɗorawa, da Ardo Jibo da dattawa a bayansa, Lado ya saki igiyar da yake tufka ya miƙe tsaye. Mutumin da bai yi kuka ba ran da shanunsa suka mutu, ran nan ya yi. Ya san juya ce, duk Beli an sani, amma abin da ya gani shi ne Hammawa ya ɗauko saniyar sunansa ta ƙarshe ya ɗaure masa. Ardo ya yi ta sa albarka, ya ce irin wannan zumunci tun zamanin iyaye rabon da a gan shi. Har a masallacin Juma'a sai da aka yi zancen. Hammawa ya yi kusan wata guda yana barci mai daɗi.

Da damina ta zagayo ya zuba ido ya ga yadda fuskar taubashinsa za ta koma. Ina! Lado ya sayar da igiyoyinsa, ya wanke 'yar rigarsa ta sallah, ya tafi ƙofar Ardo tun kafin malam ya iso. Da aka kira sunansa cikin masu shanu, ya amsa da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Ya biya yana washe baki, ya dawo yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa shi ma yanzu gwamnati ta san da zamansa. Hammawa, wanda ya biya nasa kamar ana cire masa haƙori, ya tsaya yana kallonsa. Wato ko biyan jangali ma Lado ya fi shi jin daɗinsa.

A garken Hammawa Kyalla ɗaya ce cikin da yawa, sai ta yi kokawa kafin ta kai baki ga kanwa. A gidan Lado ita kaɗai ce, kuma amana ce. Hajjo ta dinga tara mata dusa da ruwan tsari, Lado ya bi gonakin mutane yana roƙon harawa. In sauro ya yi yawa a hura mata hayaƙi, in rana ta take a mayar da ita inuwa. Mutane suka fara tsokanar Lado wai ya yi amarya. Ya roƙi Ardo ya bar ta ta bi garkensa na 'yan kwanaki, ya ce ba a fid da rai da rahamar Allah. Bayan watanni cikinta ya fara fitowa. Hammawa ya zo ya zagaya ta, ya latsa nan ya latsa can, ya ce ƙiba ce, dusa ta yi mata yawa, a rage. Da hantsarta ta cika ya ce kumburi ne, a nemi magani.

Wata safiya a lokacin kaka, Hajjo ta rangaɗa guɗa, har gidan Hammawa aka ji. Kyalla ta haihu. Mace ce. Ja ce, da ratsin fari a kwiɓi, kamar an tsaga kara da uwarta. Hajjo ta sa mata suna Kyauta.

Hammawa ya je barka, don ba yadda zai yi. Ya tsuguna ya shafa maraƙar tana rawar ƙafa. Wannan fa ita ce abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah, jinin saniyar sunansa, ga ta a gabansa da rai, kuma ba tasa ba ce. Da bakinsa ya bayar, a gaban shaidu. Ya ce Allah ya raya, ya koma gida ya kwanta, ranar ko kiwo bai fita ba. Daga baya ya bi ta bayan gida ya sami Ardo, ya yi ta kewaye-kewaye, wai shi tambaya kawai yake, in mutum ya ba da saniya a kan juya ce sai ta zo ta haihu, yaya hukuncin yake a wurin magabata. Ardo Jibo ya dube shi ya ce magabata ba su san aron juya ba, su saniya suke bayarwa, haihuwa kuma ta Allah ce. Hammawa ya ce shi ma haka ya gani, ya tashi.

Daga ranar ya zama ba shi da hanya sai ta gindin ɗorawa. Ko kasuwa za shi, ko gona, ko ta'aziyya, sai ya ratsa ta nan ya saci kallon Kyauta. Ya san ranar da ƙahonta ya tsiro. Ya san ranar da ta daina tsotso. In ya ga ta yi kyau ransa ya ɓaci, in ya ga ta ɗan rame ransa ya fi ɓaci, ya koma gida yana faɗa wai Lado bai iya kiwo ba. Nonon da Hajjo ke aiko musu a 'yar ƙwarya don girmamawa kuwa, bai taɓa kai shi baki ba. Shanunsa na ta haihuwa, dangwalinsa cike da maruƙa, amma ko kallo ba su ishe shi ba.

Haihuwa ta biyu Kyalla ta kawo namiji. Hammawa ya ji sanyi na yini ɗaya, sai kuma lissafi ya dawo masa. Saura ɗaya a cika uku, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa Kyalla ba ta gaggawa. Kafin ta dawo hannunsa ta zama guzuma, haƙora sun zube. In ta uku ta zo mace, ta Lado ce. In ta zo namiji, ba ta amfane shi ba. Ko ta ina ya duba, irin saniyar sunansa ya ƙaura zuwa gefen rafi, gidansa kuma ya tashi a tutar babu.

Rabi'atu ce ta gaji da juye-juyensa ta gaya masa magana mai sauƙi. Ta ce Kyauta ta zama karsana, ta kusa ɗauka. Ya je ya sami Lado ya ce yana son aronta, yadda shi ma ya ba shi. Lado da ke neman hanyar da zai rama alheri, ai da gudu zai kawo ta, 'ya'yanta uku su zama na gidan nan, magana ta ƙare. Hammawa ya dube ta kamar ta zage shi. Shi? Shi Hammawa ya karɓi saniyar aro daga hannun mai tufkar igiya, a tara dattawa, Ardo ya sa wa Lado albarka, a yi zancen Lado a masallacin Juma'a? Ya ce gara irin ya ƙare. Rabi'atu ta ce to Allah ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya yi gardama, hatsi ya yi tsada tun kafin a yi girbi, aka kuma ƙara kuɗin jangali. Lado da yake biya da fara'a, wannan karon abin ya fi ƙarfinsa. Ya yi abin da kowa ke yi: ya bar Kyalla da ɗan maraƙinta a turke, ya ja Kyauta ya kai ta wurin 'yan'uwan Hajjo a ƙasar Zazzau. Hammawa ya gan shi, domin a wannan hanyar shi ma ya kora rabin nasa garken. Har gaisawa suka yi a mashigin rafi, Lado yana tsokanarsa wai yau ɓarayin gwamnati sun haɗu.

Bayan an gama zagaye, Lado ya dawo da Kyauta gida, sai Hammawa ya shirya ya tafi Ƙaraye, wai sayen kanwa, alhali kanwa na nan jibge a Rogo. Ya sami malamin jangali a bakin masallaci bayan azahar. Ba ƙara ya kai ba, a'a, shi a ransa har yau bai kai ƙarar kowa ba. Gaisawa suka yi, aka taɓa zancen damina, sai ya ce ai taubashinsa Lado Allah ya yi masa buɗi, in malam ya ga jar karsanar da ke gidansa sai ya yi sha'awa. Malam ya ce karsana kuma? Hammawa ya ce au, ya yi sallama. Nasa shanun kuwa bai aika a dawo da su ba sai da abin da zai faru ya faru.

Malam ya dawo ba sanarwa, bai tsaya ko'ina ba sai gindin ɗorawa. Ga Kyauta a ɗaure tana tuƙa. Aka yanka wa Lado tara mai nauyi, aka ce in kasuwar Rogo ta ci ta watse bai biya ba, sai dai ya yi bayani a gaban alƙali. Duk Beli aka ɗauki salati, domin yadda babur ya miƙe kai tsaye, kowa ya san baki ne ya kai shi. Lado ya duba gidansa. Kyalla ba tasa ba ce balle ya sayar, ɗan maraƙi bai kai ko rabin tarar ba. Ya ji kunyar zuwa wurin Hammawa, mutumin da ya riga ya yi masa abin da ba wanda ya yi masa. Saura Kyauta.

Nan Hammawa yake jira. Ya riga ya gama magana da Ɗantala dillali: ya saye ta a asirce, a kai ta wurin wani abokinsa a Yola ta ƙasar Ƙaraye, in ƙura ta lafa ya je ya dawo da ita ya ce fanso ta ya yi. Ga karsana, ga ƙarin suna. Sai dai ya yanka wa Ɗantala iyakar abin da zai taya, daidai tarar, ba ƙari. Ba don ba shi da shi ba. Ransa ne ba zai iya ganin Lado ya biya tara har ya koma gida da canji ba.

Ranar kasuwa ya rakuɓe a rumfar masu goro, inda yake hango kara. Ya ga Lado riƙe da igiya, Hajjo a bayansa ta ja mayafi ta rufe baki. Ɗantala ya taya, aka ce albarka. Ana cikin haka sai ga wani falke, irin masu loda shanu a tirela su kai Kurmi, can Kudu, ya zagaya Kyauta, ya daki cinyarta, ya taya sama da haka. Ɗantala ya rugo rumfar goro yana haki, ya ce a ƙara ko a bari. Hammawa ya yi lissafi. In ya ƙara, Lado zai sami rarar da zai sayi wata 'yar maraƙa, ya sake kafa turke da kuɗin Hammawa. Ya ce a ɗan dakata, falken zai gaji. Ɗantala ya koma, ya sake dawowa, ya ce mutumin fa ya ƙara. Sai a sa'an nan gaban Hammawa ya faɗi, ya ce a ba da ko nawa ne. Kafin Ɗantala ya ratsa taron, Lado ya riga ya ce ya sallama. A kara kuwa in an sallama an sallama, ko uban wa ya zo.

Yana tsaye aka shafa mata fenti a gadon baya, aka murɗe wutsiyarta aka tura ta cikin mota tsakanin manyan bijimai. Ta ramukan katako yana hango ratsin farin nan har motar ta hau titi. Mai goro ya tambaye shi ko lafiya, ya ce hayaƙin mota ne ya shiga masa ido.

Kyalla ba ta sake haihuwa ba. Ta yi 'yan shekaru a garken Hammawa tana ci tana tsufa, yana biya mata jangali, har ranar da ta kwanta ta kasa tashi. Wannan kowa a Beli ya sani. Yadda ta koma hannunsa shi ne abin da dattawa kaɗai suka gani.

Kwanaki kaɗan bayan kasuwar, da hantsi, Lado ya jawo ta har ƙofar gidan Hammawa, Ardo Jibo da dattawan da suka shaida bayarwa suna biye. Aka shimfiɗa tabarmi. Ardo ya ce mai bayarwa ba ya karɓa kafin lokaci, amma mai riƙo in ya ga ba zai iya ba, yana da damar maidowa. Lado ya yi godiya mai tsawo, babu dariya ko ɗaya a cikinta. Ya ce amana aka ba shi, a hannunsa aka ɗora jininta a motar mahauta, ga shi Kyauta har ta ɗauki ciki, don haka bai cancanci ya ci gaba da riƙe uwar ba. Sa'an nan ya juyo ya fuskanci taubashinsa.

"Hamma, ni karsana na rasa. Kai kuwa irin saniyar sunanka aka yanke maka. Kai aka fi cuta, kuma kai ne babba. Ka roƙa mana Allah a kan wanda ya kai maganar nan, mu mu ce amin."

Dattawa suka ce wannan gaskiya ne, suka ɗaga hannuwa. Hammawa ya dubi fuskar Lado yana neman ya gane ko ya sani, bai ga komai ba, kuma har ya mutu bai gane ba. Ya ɗaga nasa hannuwan. Ya ce Allah ya isa, a hankali, yana fatan a shafa a tashi.

"Ƙara dai, Hamma," in ji Lado. "Ka ce yadda ya raba mu da ita, Allah ya hana shi ganin abin da ransa ya fi so a garkensa."

Ba wanda ya sauke hannu. Ardo na kallonsa, Rabi'atu na tsaye a bayan zana tana ji. Hammawa ya faɗa, kalma bayan kalma, yadda Lado ya ce. Aka amsa da amin gaba ɗaya, aka shafa.

Da mutane suka watse ya kama igiyar ya ja Kyalla zuwa turke. Ta yi ta tirjewa tana waiwayen hanyar rafi, tana kiran ɗan maraƙinta, sai da ya sa ƙarfi kafin ta shiga.